Na Bar Wasan Kwaikwayo Na Zama Nas, Amma Har Yau Dariya Ake Mini

Mama Loretta, don Allah ki taimake ni, raina ya kusa kai maƙura.

Shekaruna arba'in da tara. Shekara tara na yi ina fitowa a wani wasan ban dariya na talabijin a Los Angeles, a matsayin Dudley, wani wawan mai raba wasiƙu da kare ke bi kullum. Duk ɓarnar da ya yi sai ya ce ba shi ba ne, kare ne. Da ciwon ƙoda ya kama mahaifina na dawo gida Toledo na yi jinyarsa har ya rasu. A ɗakin wankin ƙodar nan na ga aikin da ya fi nawa. Na koma makaranta, na zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Wakilina mai nemo mini aikin wasa ya ce na haukace. Yau shekarata huɗu ina nas a sashen wankin ƙoda.

Na iya aikina, ba yabon kai ba. Jijiyar da ta gagari kowa ni ake kira. Amma ba mai kirana da sunana, daga likita har mai shara Dudley suke cewa. Mahaifiyata ma a coci a matsayin ɗan wasa take nuna ni, wai nas ai kowa yana da shi. Shugabar sashenmu kuma so take in sa kayan mai raba wasiƙu a bikin ƙarshen shekara.

Ranar Litinin aka kawo mana wani dattijo, Mista Kowalczyk. Hannunsa duk ya kumbura, jijiya ɗaya ta rage. Ina laluben ta da allura sai 'yarsa ta ɗaga waya a fuskata tana ɗauka, tana cewa in faɗi maganar karen nan. Na roƙe ta sau biyu ta daina. A na uku na daka mata tsawa, na ce nan ba dandali ba ne, ta fita. Ta fita tana kuka. Tsohon ya janye hannunsa, ya ce a kira masa nas na gaske. Aka ba ni takardar gargaɗi.

Akwai gurbi a ofishin adana takardu, inda ba mai ganin fuskata. Na cike takardar neman gurbin, ban miƙa ba. In miƙa?

Naki,
Wanda Ya Gaji Da Dudley

*

Ɗana,

Kada ka miƙa. Ajiye ta a aljihun tebur wata uku tukuna.

A maganar waya kai ke da gaskiya. Ba a ɗaukar hoton mai riƙe da allura, kuma akwai sauran marasa lafiya a ɗakin da ba su yarda a ɗauke su ba. Rubuta wa shugabarka wannan, ka nemi a kafa doka a manna a ƙofa. Kayan biki kuwa, ka ce mata a'a sau ɗaya, cikin ladabi, ba dogon bayani. Abokan aiki ka gaya musu sunan da kake so, wanda ya kira ka Dudley kada ka waiwaya. Ba za su kai wata guda ba.

Amma tsawar nan haushin shekara huɗu ce, ka sauke wa wadda ta zo jiya. Kai ma ka taɓa zama a kujerar da ta zauna, ka san tsoron. Wataƙila fuskarka ce kaɗai abin da ta sani a ɗakin, daga lokacin da ubanta ke zaune lafiya a falo yana dariya. Mutanen da ake ɗaura wa na'ura awa huɗu, sau uku a mako, ba raini ba ne in sun nemi abin dariya. Lokacin ne kawai bai dace ba. Ka koyi cewa a bari ka gama tukuna, in ka gama kuma ka ga dama, ka ba su.

Mahaifiyarka ka ƙyale ta, tsufa ya wuce gyara.

Ranar da tsohon zai dawo, ka riga kowa zuwa. Ka ba 'yarsa haƙuri ba tare da kawo hujja ba, sannan ka tambaye shi ko zai ba ka hannunsa. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, ka kira wani ka tsaya ka nuna masa jijiyar.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa hannunka albarka.

Mama Loretta