Ni Na Miƙa Miki Makirufon

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, farin watan da ke riga taurari fitowa, wadda muryarta ta fi mini saukar ruwan farko a kan kwanon ɗaki daɗi. Ke da 'yan ƙungiya ke kira Mai-Gyara, ni kuwa nake kira rabin raina a inda babu kunnen kowa.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ƙarfinsa ya ƙare. Jibi Alhamis da azahar wa'adin da kamfanin nan ya ba ki zai cika, ki ce kin karɓi aikin ko kin bari. Shekara uku cur, a garin da sai an yi kwana biyu a hanya! Jiya kin tsare ni a ƙofar ɗakin kwamfuta kin tambaye ni ko ki tafi, ni kuwa na washe baki kamar dolo, na ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, ki tafi mana. Ƙarya na yi miki, masoyiyata. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Kin daɗe kina kallona kafin ki juya.

Kin tuna yammacin wasannin da ruwan sama ya watsa mana? Ni sakataren ƙungiyar ɗaliban kwamfuta, na yi sati ina manna takardun sanarwa a kowane bango, na jera kujera sittin, na sha faɗa da mai gadin zaure kafin ya ba ni makulli. Mutum biyar suka zo. Huɗu suka shanye lemon, suka cika aljihu da biskit, suka gudu. Ke kaɗai kika tsaya. Ba ki ce mini sannu ba, ba ki ba ni haƙuri ba, kawai kika naɗe hannun riga kika hau tattara kujeru, kina yi mini tsiya wai sakataren da ba ya duban sama kafin ya sa ranar taro ai a tsige shi. Na yi dariya har na saki kujera a kan ƙafata. A ranar kika shiga zuciyata, kika ja ƙofa, kuma har yau ban ji motsin fitarki ba.

To wa zan kai ƙara, alhali ni na jawo wa kaina? Ni na rubuta wasiƙa har bakwai kafin injiniyar kamfanin nan ta yarda ta zo ta yi mana jawabi a kan neman aiki. Ni na tarye ta a bakin ƙofa, ni na ɗauki jakarta, ni na durƙusa ina fama da wayar majigi har hoton ya fito a allo. Kin san tsarinmu: in baƙo ya gama magana, sakatare ne ke yawo da makirufo a cikin jama'a, kuma mai riƙe da shi ba ya tambaya. Malam mai kula da ƙungiya ya ɗaga mini yatsa ɗaya, wato tambayar ƙarshe. Hannu huɗu na gani a sama, har da na gwanin ajinku da ke layin gaba yana neman tashi tsaye. Ke kuwa kina can ƙarshen zaure, hannunki ko kunnenki bai wuce ba, kamar mai gyara ɗankwali.

Na wuce su duka huɗun. Na ratsa zauren nan tun daga farko har ƙarshe, ana bina da harara, na zo na miƙa miki. Kina tsammanin don na san tambayarki ta fi tasu ne? Ina! Ban san me za ki ce ba. So nake kawai in tsaya kusa da ke na minti ɗaya a gaban kowa ba tare da an ce komai ba, in kuma ji muryarki ta cika ɗakin. Abin da na nema ke nan, minti ɗaya.

Sai kika tambaye ta me manhajar da ta nuna mana za ta yi in mutum biyu suka yi rajista a daƙiƙa guda. Baiwar Allah ta juya ta dubi allo, ta cire tabarau, ta ce wata shida ke nan wannan matsalar na wahalar da su. Ta nemi sunanki, ta rubuta a bayan takardar jawabinta. Zaure ya ɗauki tafi, ni ma na maƙale makirufo a hammata na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Wayyo ni! Ashe tafiyarki nake tafa wa.

Yanzu kowa murna yake yi. Ummanki ta gaya wa maƙwabta tun kafin ki amsa. Yayanki ya tare ni a hanya ya rungume ni, wai ni ne silar alherin gidansu, Allah ya saka mini. Na ce amin, me zan ce? Shugaban ƙungiya kuma, shi da ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa, ya dafa kafaɗata yau da safe ya ce in fara shirin walimar ban kwana, tunda ni na fi kowa iya jera kujeru. Har yana tambayata wane irin lemo kika fi so. Na sani mana! Na san wanda kike so, na san ba kya shan mai sanyi sosai, na san kina juya kwalbar a hannu in kina tunani. Me wannan sanin zai amfana mini ranar da motarku ta tashi?

Abokin ɗakina ya ce in daina wahalar da kaina, in fito fili in ce ki zauna. Ki zauna ki yi me, ya abar ƙaunata? Ki jira ni? Ni da saura shekara guda in gama, saboda darasin da na faɗi ina yawon manna sanarwa? Da me zan tsaya gaban Babanki, da katin ɗalibi? Na zauna a jawabin neman aiki ya fi ashirin, ni ke kunna fitila ni ke kashewa, na haddace duk shawarwarinsu, amma har yau ba wanda ya tambayi sunana. Ke sau ɗaya kika buɗe baki ƙofa ta buɗe. In na sa ƙafa na tare wannan ƙofar, wata rana za ki dube ni ki tuna, kuma gara mini rashinki da wannan kallon.

Amma ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron ofis mai gilashi da mutane masu kaifin kai irin naki. Ina tsoron ranar da saƙona zai zo kina tsakiyar aiki ki ce sai anjima, anjima ta zama gobe, gobe ta zama sati. Ina tsoron ki dawo ki gaishe ni da ladabi, kamar yadda ake gaida tsohon ɗan aji. Shekara uku, hasken raina! Ko bishiyar da ke bakin zauren nan sai ta canza a shekara uku, balle zuciyar da kowa zai so ya samu.

Ɗazu da rana kin turo mini amsar da kika rubuta musu, kin ce in duba miki tunda ni na saba da irin waɗannan wasiƙu, kuma ba za ki aika ba sai na ce ta yi. Na gane abin da kike nufi, ban kai haka wauta ba. Kin sake ba ni dama ne in hana ki. Na karanta ta sau tara, layi bayan layi, ina neman kuskure ko guda ɗaya da zan fake da shi in ce ki dakata. Na nema kamar yadda ban taɓa neman komai ba a rayuwata. Babu. Wasiƙarki ta yi.

Ba na so ki tafi. Ga gaskiyar da na hana ki jiya, na faɗa, ki riƙe ta. Ina son ki son da ya fi ƙarfin ƙirjina, kuma ba zan buɗe wa wata wannan zuciyar ba, ko kin rubuto ko ba ki rubuto ba, ko kin dawo gare ni ko kin dawo da wani.

Ki aika musu kafin azahar ɗin Alhamis. Kada ki sake tambayata, don Allah, domin a karo na uku ba zan iya ba.

Naki, yau da gobe da bayan shekara uku,
Sakatare