Kada Ka Sayar da Aukje

Ƙanena Sjoerd,

Gaisuwa daga Norway. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya shanu?

Ina lafiya. Aikin gyaran kifi ba wuya, yatsuna ne kawai ba sa lanƙwasuwa da safe.

Na karanta duk abin da ka rubuto. Manyan ƙasashe sun yi faɗa kan cinikin motoci, Sin ta rama da haraji kan cukunmu, farashin madara ya faɗi. Saniyarmu ta taɓa ƙera mota ne?

Ka ce dillali na son sayen saniyarmu Aukje. Tun zamanin Kaka kowace maraƙa a zuriyar nan sunan uwarta take gada, bai taɓa yankewa ba. Saboda ita nake warin kifi a ƙasar mutane. Ka ba dillalin kofi ya sha, ka raka shi ƙofa.

Cikin Aukje kuwa, Allah ya sauke ta lafiya. In mace ce, ka san sunan.

Yayarka,
Wiebkje