Ƙorafi kan tsuntsayen da ke mutuwa ƙarƙashin wayar Pra-Sauvel

Daga: Chaibou Moutari, Vaulx-en-Velin
Zuwa ga: Mai girma Shugaban sashen kare namun daji na yanki, Lyon
Rana: 12 ga Mayu, 2014

Game da: Ɓoye gawarwakin tsuntsaye a wurin shaƙatawa na dutsen Pra-Sauvel, da laifin da aka ɗora mini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Idan mutum ya tarar da tsuntsu waya ta karya masa ƙirji, ya sa wuƙa don ya gajarta masa wahala, wa ya kashe shi? Wata goma sha biyar ke nan ina juya wannan tambaya, ban sami amsa ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, da Hausa kuma nake iya faɗin magana duka, shi ya sa na rubuta da ita. Fassarar Faransanci tana haɗe.

1. Na yi aiki a Pra-Sauvel lokacin sanyi uku, daga Disamba 2010. Kowace safiya nakan bi ƙarƙashin wayar da ke hawa da masu wasan ƙanƙara, in duba turaku. A can akwai baƙin tsuntsun da kuke kira tétras-lyre, mai girman zabo da jar gira, wanda kan tona rami cikin dusar ƙanƙara ya kwana. In ya tashi a firgice ba ya ganin waya.

2. Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya umarce ni, duk wanda na tsinta a mace in tura shi ƙarƙashin duwatsun da ke gindin turke na goma sha ɗaya kafin baƙi su hau. Na tura goma sha tara. Jajayen ƙwallayen da ake ratayawa a waya don tsuntsu ya gan ta suna cikin magaza, ɗakin ajiyarmu, ba a ko buɗe kwalinsu ba.

3. Ranar 6 ga Fabrairu 2013 na tarar da ɗaya da sauran rai, yana jan jiki, idonsa a kaina. A garinmu ba a barin dabba haka. Na yi bismilla na yanka shi. Wani baƙo daga bisa kujerar waya ya ɗauki hoto.

4. Da ma'aikaciyarku Madam Suzanne ta zo bincike, shef ya nuna mata yankan wuya, ya ce farauta na yi don in ci, a lokacin da aka hana farauta. Ita ta lura da karayar ƙirjin. Sau biyu ta roƙe ni in bi layin wayar tare da ita. Na ƙi, domin shef ya yi mini alkawarin kontira, wato takardar ɗaukar aiki, ta baɗi in na yi shiru. Na sa hannu cewa ni kaɗai ne sanadi. Wannan ƙaryata ce, ba na ɗora ta kan kowa. Kontirar ma ba ta zo ba.

5. Watan jiya na je Paris ganin ƙanwata. A unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar jirgin metro, na ga talla: Pra-Sauvel, abokin tsuntsayen dutse, da hoton tsuntsun da jar girarsa. Tun ranar, in tantabaru suka yi kuka a tagata da safe, kukansa nake ji. Yakan sa in tashi in duba hannuna.

Don haka ina roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi, da a sake buɗe binciken, a soke takardar da na sa wa hannu, a kuma sa a rataya ƙwallayen kafin sanyi mai zuwa. Idan yankan laifi ne a dokarku, na yarda a hukunta ni a kansa, amma a rubuta waya kusa da sunana.

Ƙanƙara tana narkewa yanzu, ƙasusuwan za su fito, kuma a farkon Yuni ake share gindin turaku. Na sayi tikitin kar, wato motar bas, na ranar Talata 20 ga Mayu. Daga ƙarfe tara na safe zan kasance a gindin turke na goma sha ɗaya. A gaya wa Madam Suzanne zan bi layin da ita, ni zan ɗaga duwatsun.

Ina roƙon afuwa kan tsawon takarda. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi,
Chaibou Moutari