Mutumin da Ke Bakin Hanyar Wongabin

Talata, 7 ga Maris

An gama ɗora mana sabuwar manhajar a ofis. Noel, shugaban sashenmu na ayyuka, ya tsaya a kaina da kofin shayinsa yana hararar allon kwamfuta. Ya ce daga yau ni da ita za mu zaɓi hanyoyin da ƙaramar hukuma za ta sake wa kwalta bana, shi kuwa zai koma abin da ya iya, wato faɗa da kansiloli.

Aikin ba wuya. Motar awo takan zo daga Perth sau ɗaya a shekara, ta bi duk titunanmu tana auna ramuka da tsaga da lotsawar kwalta, tana ɗaukar hoto kowace 'yar tazara. Da can sai in yi wata guda ina fama da lambobin nan. Yanzu manhaja ke haɗiye su, ta shafa wa taswira launi: kore lafiya, ruwan ɗorawa a sa ido, ja a gyara tun ba a yi asara ba.

Awon bara na zuba mata, na watan Yuli. Na fara daga arewa. Hanyar Wongabin tana kudu. Na san abin da nake yi.

Alhamis, 9 ga Maris

Arewa ta ƙare, gabas ta ƙare. Babu sauran wurin ɓuya.

A Wongabin ƙanena Warrick ya mutu, Agustan bara. Rana tsaka, hanya miƙaƙƙiya, a-kori-kurarsa ta bar kwalta ta daki bishiyar turare. 'Yan sanda ba su ga alamar birki ba. Garin nan magana biyu yake yi: ko barci ya sace shi, ko kuma... Ta biyun ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido, amma ina jin ta duk sanda na shiga kanti aka yi shiru.

Ni kuwa ina da ta uku, wadda na riƙe ni kaɗai. Hanyar ce. Gefen kwalta ya zaizaye, taya ta faɗa, motar ta ƙwace masa.

Na danna. Kore. Daga mahaɗa har gonarsa, kore shar.

Juma'a, 10 ga Maris

Ban yarda da launin ba, sai na buɗe hotunan ina bin su ɗaya ɗaya, kamar ni ce a cikin motar awon. Alkama ta fara rufe ƙasa, sama fari fat, irin sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu a nan, da ake gani ko a hoto.

Kafin a kai bishiyar, wajen tsohuwar ƙofar gonar su Hendy, akwai mota a tsaye a gefen hanya. Fara, da tankin mai a baya. Wani mutum yana tsaye kusa da ita.

Manhajar tana shafe fuskar duk wanda kyamara ta kama, haka doka ta ce. Inda fuska take sai wani hazo mai ruwan toka. Amma hannun hagun nan a bayan wuya, da gajeren wando a tsakiyar hunturu, da Peg karyarsa ta leƙo daga bayan mota. Ni na goya yaron nan. Ba na bukatar fuska.

Na shiga banɗaki na daɗe. Da na fito Noel ya ce ko fai ɗin nan na kantin gidan mai, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, shi ya ɓata mini ciki, shi ma ya taɓa kwana biyu a kansa. Na ce shi ne.

Lahadi, 12 ga Maris

Ban je coci ba. Ban je ko'ina ba. Makullin ofis yana cikin jakata, na fito da shi na mayar ya fi a ƙirga.

Talata, 14 ga Maris

Idan na danna hotunan da sauri, motsi yake yi. Daga nesa ɗigo ne, sai ya girma, ya sauke hannu daga wuya, ya ɗaga wa motar awon yatsu biyu yadda kowa ke yi a nan. Sai ya wuce. In na koma baya ya dawo, hannun ya sauka, ya ƙanƙance ya ɓace. Gaba, baya. Haka na wuni.

Noel ya kama ni. Ya tsaya a bayana ya leƙa allon, sannan ya ce, "Wandon nan ai ko a lahira na gan shi na san mai shi." Ya dafa kujerata, ba kafaɗata ba, ya fita.

Na rubuta wa masu motar awon ko suna da hoton asali, wanda ba a shafe ba. Wata yarinya ta amsa cikin ladabi cewa ana goge na asali da zarar an shafe fuskoki. Ta yi mini fatan wuni lafiya.

Juma'a, 17 ga Maris

Na matsa wa manhajar lamba. Na rage ma'aunin tsaga, na rage na lotsawa, na sa ta sake lissafi, na sake sa ta. A ƙarshe ta samo mini wata 'yar lotsawa kusa da bishiyar, wadda ruwa zai iya kwanciya a cikinta in an yi mamako. Ranar ba a yi ruwa ba. Na duba.

Akwai wani gurbi da aka bar wa ma'aikaci, inda zai iya canza launi da hannunsa in ya san abin da na'ura ba ta sani ba. Na mayar da wurin ja. Na zauna ina kallonsa, raina ya ɗan yi sanyi, karo na farko tun Agusta.

Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba. Kuɗin da aka ware bana ba zai kai ko'ina ba, don haka da Wongabin ta hau sama, sai Hanyar Dam ta faɗo daga cikin waɗanda za a gyara. Wadda motar 'yan makaranta ke bi. Ita kam ja ce ta gaskiya, gefenta duk ya cinye.

Na bar shi haka na tashi. Daftari ne kawai.

Litinin, 20 ga Maris

Na haɗu da Kerryn, matar Warrick, a kantin kayan gona. Rabon da mu yi magana tun ranar jana'iza. A ɗakin taron ƙungiyar ƙwallo, mutane cike, ta ce wa wata mata ai ya daɗe da gajiya. Na ji, na fassara yadda na fassara, na ajiye farantina na fita. Ita ma ba ta neme ni ba.

Ta rame. Rigar aikinsa ce a jikinta, ta nannaɗe hannuwan. Ta ce ta ji an ba mu wata na'ura mai gane ciwon hanya. Garin nan! Na ce haka ne. Ta juya buhun abincin kare a keken kaya kamar tana neman wani rubutu, sannan ta ce, "To, hanyar ce, Des?"

Na ce ina kan dubawa.

Na ga yadda ta riƙe numfashi. Ashe ba ni kaɗai nake riƙe da magana ta uku ba.

Laraba, 22 ga Maris

Ina wanke kwanuka na ga kamar mutum a bakin shinge, hannu a bayan wuya. Tankin ruwa ne da inuwarsa.

Juma'a, 24 ga Maris

Na samo lambar direban motar awon. Piripi sunansa, mutumin New Zealand, murya kamar ganga. Na kama shi yana cin abinci a wani gari can gabas. Na kwatanta masa wurin, da motar, da karyar. Ya yi dariya ya ce, 'yar'uwa, manomi da farar mota da kare, ai kin kwatanta mini rabin jihar nan, sauran rabin kuma matansu ne. Da na gaya masa ko wane ne, sai ya daina tauna. Ya ba ni haƙuri, ya ce gaskiya bai tuna ba, kuma ba zai ƙirƙiro mini wani abu don in ji daɗi ba.

Har zan ajiye waya ya ce ko na duba na dawowa. Wongabin ba ta ɓullewa, sai sun je ƙarshe su huta su ci abinci, sannan su auno ɗaya hannun a hanyar komawa.

Ban duba ba. Manhajar hannu ɗaya take nunawa sai in ka nemi ɗayan.

Asabar, 25 ga Maris

Na je ofis da safe, ba kowa sai ƙarar firij.

Inuwa ta juya a hotunan dawowa, ke nan an daɗe. Motar tana nan inda take. Shi kuma yana zaune a ƙasa, a kan tsakuwa, ya jingina da tayar baya. Gwiwoyi a sama, kai a sunkuye, hula ta rufe. Manhajar ma ba ta shafe komai ba, don ba ta ga fuska ba. Peg ta sauko ta kwanta a jikin ƙafarsa. Motar awon ta zo ta wuce da duk ƙararta, bai ɗago ba a hoto ko ɗaya.

Barci yake? Zai yiwu. Warrick yana iya barci a kan garma.

Ko kuka.

Na ƙara girman hoton har ya fashe ya zama ƙananan murabba'ai, ba mutum ba hula. Babu amsa a ciki. Mutum ne dai a gefen hanya mai lafiya, a ranar aiki, gidansa ba nisa, ya kasa ƙarasawa.

Litinin, 27 ga Maris

Na mayar da Wongabin kore. Hanyar Dam ta koma wurinta. Na miƙa wa Noel, ya duba, ya ce madalla, yanzu saura ya shawo kan kansilan da ke son a shimfiɗa kwalta har bakin kejin kajinsa. Bai tambaye ni komai ba. Ina jin ya ga daftarin.

Na wanke hanyar daga laifi. Ji nake kamar ni na tura Warrick da kaina.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Na ɗauki kwamfutar ofis na tafi gona. Na zaga ta bayan rumbunan alkama, hanya mai nisa, don kada in bi ta wajen bishiyar, na shiga ta ƙofar tumaki. Peg ta yi mini haushi kamar baƙuwa, sannan ta ji kunya.

Kerryn ta ɗora ruwan shayi ba ta tambayi abin da ya kawo ni ba. Na ce mata ba hanyar ba ce. Na faɗa da sauri kafin in fasa. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da yanka kek ɗin da ba wanda zai ci.

Sai na nuna mata na dawowar. Na zaci za ta rushe. Ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana kallo, ta ce ta san wurin. Daga tudun bayan gida ana hango shi. Sau da yawa takan ga farar motar a tsaye can, ta rasa ko ta je ko ta bar shi. In ta je ya ce yana duba shinge ne. Ta ce tun bayan girbi ba ya barci, sai ya tashi ya zauna a kicin da takalmi a ƙafa. Ta sha fama kafin ya yarda zai ga likita, an ba su rana a Satumba.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ce shi ya hana. Wai Des ta sha rainonsa tun yana ɗan shekara goma, kada a sake ɗora mata.

Na tambaye ta abin da ban taɓa furtawa ba, ko da gangan ya yi. Ta kalle ni.

"Ban sani ba, Des. Ranar ya ce zai sayo burodi. Ya tambaye ni mai yanka ko marar yanka. Kullum ina juya wannan. Wanda ya yi niyya zai tambayi haka? Wata rana in ce a'a, wata rana in ce shi zai iya."

Abin da take nufi ke nan da ya gaji. Gajiya kawai take nufi. Wata bakwai na yi ina fushi da ita a kan kalma ɗaya.

Daga baya ta ce in nuna mata na farkon. Na danna da sauri, ya ɗaga mana yatsu biyu. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Dubi ƙafafun nan don Allah, kamar na zalɓe, a wannan sanyi," sai dariya ta ƙwace mata, ta zama wani abu dabam, ni ma haka. Shayin ya huce. Muka sha shi a hakan.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Majalisa ta amince da tsarin. Za a fara Hanyar Dam in yanayi ya bari.

Na buɗe hoton sau ɗaya yau. Na farkon.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Motar awon ta shigo gari, bana da wuri ta zo. Piripi ya leƙo ofis da kansa, ƙato ne har sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya miƙo mini hannu, bai ce komai a kan waccan magana ba, ya cinye biskit ɗin Noel duka, ya tafi.

Talata, 9 ga Mayu

An yi ruwan fari daren Lahadi, mai kyau, ƙasa ta jiƙu sosai. Kowa ya fita shuka, ofis kamar an share.

Awon bana ya iso, na zuba. Kudu na fara yi don ita ce a sama. Wongabin ta ɗan yi ruwan ɗorawa a wuri biyu, tsaga ƙanana, na rubuta wa 'yan faci su cike kafin ruwa ya shige. Wajen ƙofar su Hendy ba kowa, ciyawa ce ta bushe da wata tunkiya a bayan wayar shinge.

Kerryn ta bugo da rana. Mutumin da ta ɗauka don ya ja mata motar shuka ya samu karaya a hannu, ga fili ya jiƙu ba ya jira. Ta ce ba roƙona take ba, ta san rabona da babbar mota tun Baba na da rai, faɗa kawai take yi. Na ce zan duba, aiki ya yi mini yawa.

Na ce wa Noel wataƙila ba zai gan ni Juma'a ba, ban tabbata ba tukuna.

Takalmana na gona suna bakin ƙofa. Na fito da su ne kawai in kakkaɓe, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.