Tulin Bayan Rumfata

Litinin, 5 ga Mayu, 1958
Shekara tara da wata huɗu rabona da Gumel. Ban aika wasiƙa ba tun ta biyun da ba a amsa ba. Yau duba-gari ya tsaya a rumfar tsirena, nan ƙarshen unguwarmu ta Inugu inda daji ya fara. Ya ja ni baya, ya nuna mini tulin kashi a gindin kututture. Ya ce mu 'yan Arewa haka muke. Mako ɗaya ya ba ni: in ya sake gani, ya karɓe lasin. In babu rumfa, me ya rage mini a garin nan?

Talata, 6 ga Mayu
Na kwashe da shebur, na zuba toka.

Alhamis, 8 ga Mayu
Tulin ya dawo. Wuri ɗaya, ko taku bai gusa ba. Na tare Manu mai shayi a gaban mutane na ce aikinsa ne, shi ke zagawa ta can. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Dogara, ni da furfurata?" Ya ci gaba da wanke kofunansa. Da ma zagina ya yi.

Asabar, 10 ga Mayu
Baba Yero, tsohon da ke koro shanu daga tashar jirgi, ya bi ni ya duba. Ya yi farauta da ƙuruciya. Ya tona tulin da kara, ya yi dariya har da tari. "Ɗana, wane mahaluƙi ne a unguwar nan ke cin ƙadandoniya?" Ga ɓawonta zobe-zobe, ga gashin ɓera, ga 'ya'yan gwanda. Tunkun jibda ne, dabbar dajin nan da ake samun turare a jikinta, in ji shi, kuma ba ɗaya ba.

Na ce daji duk faɗinsa, sai bayan rumfata? Ya ce su ba sa watsarwa. Wuri ɗaya suke tarawa, don kowa ya biyo ya shinshina: wa ya wuce, wa ke da ƙoshin lafiya, wace mace ke son namiji, ina iyakar wane. "Wanda ya daina ajiye nasa, sun san ba shi. Sai wani ya shige wurinsa."

Gonar da na bari a hannun yayata Tabawa ce ta faɗo mini. Ban san dalili ba. Na sani.

Litinin, 12 ga Mayu
Duba-gari ya zo. Wannan karon ban kwashe ba. Na miƙa masa kara. Ya toshe hanci da hankici, amma ya durƙusa ya duba, a faɗi gaskiya. Ya daɗe yana kallon zoben nan. Ya ce ba mutum ba ne, ya yarda. Maganar 'yan Arewa kuwa bai janye ba, ni ma ban sa rai ba. Ƙuda dai ba ruwansa da mai kashi, in ji shi, kuma nama nake sayarwa. Wannan ma gaskiya ne. Ya ƙara mini mako uku.

Talata, 13 ga Mayu
Na je wurin Manu. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce, "Ashe ɗan'uwana mai wutsiya ne." Ya zuba mini shayi, madarar kaɗan. Na cancanta.

Juma'a, 16 ga Mayu
Yero ya kawo tarko. Ya ce masu turare za su saya da rai. Ko kuma in ɗebi tulin in kai can ƙetaren rafi, in wanke kututturen da kananzir, wataƙila su bi warinsu. Wataƙila kawai. Tarkon ya fi tabbas. Na rataye shi a ƙusa.

Na yi sawu uku da bokiti. Mata masu wanki suna ta kallona.

Lahadi, 25 ga Mayu
Bayan rumfa fes. A ƙetaren rafi akwai sabo, biyu, ɗaya ƙarami. Hanya ce ta bi da ni ta can.

Litinin, 2 ga Yuni
Duba-gari ya zagaya, ya sa hannu, ya tafi. Na mayar wa Yero tarkonsa, ya dube ni, ya karɓa. Da rana na biya ta gidan waya, na aika wa Tabawa wasiƙa. Layi biyu ne kawai: ina nan da rai, kada a ba kowa gonar. Ba lallai ta amsa ba.

Abin da na tsira da shi: rumfa ɗaya, lasin ɗaya, maƙwabci ɗaya, da tsiron gwanda uku da suka fito inda tulin yake. Na kewaye su da ƙaya.