Tattakin Malam Manu

Birnin Kudu,
9 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga angona Abdulsalami,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya Kano? An ce ka tsayar da gemu. In ka zo da shi ba za ka shiga ɗakina ba, tsoho ɗaya ya ishe ni. Muna nan lafiya, in ka cire kakanka Malam Manu.

Ka san ƙabar nan da ke damunsa. Likita ya ce aiki za a yi, amma ba zai sa wuƙa ba sai tumbin ya ragu da laba goma sha biyar. Ya ba shi wata uku. In bai ragu ba sai bayan damina, kuma ya ce jiran da haɗari, don hanji na iya murɗewa. Ni ban yi mamaki ba. Tun da ya samu kwangilar kai wa masu titi tsakuwa ya sayi babur, ko masallaci a kansa yake zuwa.

An ce ya riƙa tattaki kullum da safe. Gardamar yanzu ita ce ya karya kafin ya fita ko sai ya dawo. Gwaggonka Kubra ta aiko daga Gwaram cewa kada ya fita ciki wayam, jiri zai ka da shi. Kai da ka yi boko, me littafinku ya ce?

Ka gai da malamanka.

Taka,
Turai.

Birnin Kudu,
20 ga Fabrairu, 1976.

Angona,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, na karanta masa da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. Ka ce ya fita bai ci komai ba, wai jiki zai ci kitsensa. Ya bi taka, ya ce Kubra ba ta wuce aji huɗu ba.

Kullum da sassafe yake kama hanyar Kiyako, sai hantsi ya dawo, in miƙa masa koko ya ture. Shekaranjiya aka ɗora shi a sikelin Sabo mai sayen gyaɗa. Ya ƙaru da laba huɗu. Ya tuɓe takalmi da rawani aka sake, allurar sikelin ba ta ji tausayinsa ba.

Wata mai tallan nono, Fatsuma, ita ta warware mini. Ashe a gidan farko da ke bakin hanya, da sun ga dattijo a ƙasa yana gumi sai su tambaya ko ya karya. Kakanka ba ya ƙarya, sai a kawo koko da ƙosai. To ya ci a gidan wane, ya ƙi na gida na gaba? Ai raini ke nan. Nan ɗumame, can ɗanwake, a rugar su Fatsuma fura da nono. Gida biyar ta ƙirga mini. Har matan sun fara gasa, wata ta soma sa masa man shanu.

Saura mako bakwai. Jiya ciwon ya tsayar da shi a soro ya daɗe dafe da mara. Ban nuna masa na gano ba tukuna.

Taka,
Turai.

Birnin Kudu,
16 ga Afrilu, 1976.

Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi a can? Daga asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da layin.

Bayan waccan takarda na ajiye shawararka. Kullum in dama koko ba sukari, ludayi uku, in tsaya a kansa ya shanye kafin ya sa takalmi. Ranar farko da suka tambaye shi ya ce, "Alhamdu lillahi, na karya a gida." Ba wanda ya ji haushi, tunda na matarsa ya ci kuma na kowa ya ƙi. Tuwon dare ma na rage malmala ban sanar da shi ba.

Laba goma sha ɗaya ya sauke daga nauyinsa na farko. Likita ya daɗe yana latsa cikin, sannan ya ce zai yi. Na tambaye shi wa ya yi daidai, kai ko Kubra. Ya ce kafin ko bayan duk ba wani bambanci mai yawa, abin da ya shiga cikin a yini shi ne magana. Kubra ta ce ita ta ci, ban hana ta ba.

An yi aikin ranar Talata, ya farfaɗo, har ya fara faɗa da masu jinya. An ce ruwa-ruwa kaɗai zai sha na kwana biyu. Mutanen hanyar Kiyako sun ji labari, tun safe suke sauka daga mota da kwanuka a ɗaure. Na shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakin, ina karɓa ina godiya. Ɗanwaken nan da man shanu, gaskiya ban ga laifin kakanka ba.

Allah ya yi maka albarka.

Amaryarka,
Turai.