Tuwon Direbobi

Madarunfa, daren Lahadi, kakar 1972

Na dawo daga sunan ɗan Alhaji Sani a Gabi, har yanzu ban huce ba.

Shekara biyu muna gardama da shi. Na ce motarsa ta Faransa, kat-san-kat, jaki ce, baƙar motata ta Jamus kuwa ingarma ce, mai ita ke riƙe linzami. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar direba ba. Yau babbar riga ta dame ni wajen tuƙi, na tuɓe na jefa but ɗin mota. A hanya na tarar da Iro tela yana tafiya a ƙasa, na ɗauko shi, ya hakimce a baya.

Muna tsayawa aka ruga aka buɗe mashi ƙofa: "Alhaji, Allah ya sanya albarka." Bai musa ba. Ni kuwa wata tsohuwa ta miƙo mani kwano, ta ce, "Ga na direbobi, je ka gindin iccen bedi."

Don kunya na karɓa. Na ci tare da direban Sani, wanda ya san ni sarai. Ya dubi motata ya ce, "Ta fi tamu gudu, ranka ya daɗe. Amma tamu, ko makaho ya san mai ita."